Burtalin Giwaye

Manomi sukan bar wa shanu burtali tsakanin gonaki. Giwa ma tana bukatar nata, gama kurmi ɗaya ba ya ci da ita shekara guda. Saboda haka ya kamata masu awon hanya su tambayi maharba inda giwa take bi tun kafin a zuba kwalta.

A ƙasar Kenya an makara. Gonaki da babbar hanyar mota suka raba kurmin Dutsen Kenya da na Ngare Ndare, giwaye suka dinga fasa shinge suna tattake shuka. Sai a 2010 aka keɓe musu burtali mai tsawon kilomita 14, aka gina musu ƙofa a ƙarƙashin hanyar. Tun farkon 2011 motoci suke bi ta bisa, giwaye ta ƙasa.