Zuwa ga masu renon tsiro a cikin kwalba

'Yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaji da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru.

In za ku zaɓi itacen magani da za ku rena, ku fara da sanya, wadda ake kira uwar magunguna. Saiwarta ake haƙa, itacen da aka tona kuwa ya tafi ke nan, ga irinta da wuyar tsira. Ku nemi dattawan masu magani na ƙasar Lelna su nuna muku gindin da suka yarda da ƙarfinsa, domin abin da zai fito a kwalba yawanci halin uwarsa zai ɗauko.

Tun 1957 masana Skoog da Miller suka nuna yadda sinadaran girma ke aiki: oksin in ya rinjaya sai saiwa, saitokainin in ya rinjaya sai toho, in suka yi kunnen doki sai wani ƙullutu marar siffa da ake kira kalus. A nan nake so ku yi hattara. Kalus yana da saurin samuwa, musamman da 2,4-D (e, wannan dai da manoman shinkafa ke fesa wa ciyawa), kuma yana kyau a hoton kundin digiri. Amma sau da yawa ƙullutun bai tara sinadarin maganin kamar yadda saiwa ta gaske ke tarawa, tsiron da aka farfaɗo daga gare shi kuma yakan sauya hali. Maimakon haka, ku yanki gaɓa mai ido, ku jawo toho kai tsaye, sannan ku rage saitokainin ku ba shi oksin ya yi saiwa.

Abincin Murashige da Skoog na 1962 ya isa: sukari giram 30 a lita, pH 5.8, a dafa minti 15 a zafin digiri 121. In wuta ta ƙi zuwa, tukunyar matsin tururi a kan gas tana yi. Yanka ya yi baƙi? Ku sa garin gawayin gwaji, ku sauya kwalba da wuri.

Fitarwa daga kwalba ita ce wuya. Ganyen da ya tashi cikin laima bai iya riƙe ruwa ba, iskar hunturu za ta busar da shi nan take. Ku rufe shi da leda a inuwa, kuna buɗewa kaɗan-kaɗan, ku auna dashe ya faɗo a Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta zauna.