Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗura Fayiloli a Faifai

'Yan'uwa masu shagunan kwamfuta da masu ɗaukar bidiyon biki.

Filas ta ƙwace kasuwa, amma har gobe ɗalibi na kawo aikin bincikensa a sa masa a CD, ango na son bidiyon bikinsa a DVD. Abin da ya sa na rubuto muku shi ne ɗan wurin nan da Nero ko ImgBurn ke nunawa kafin a fara ɗuri, inda ake zaɓar tsarin fayil. Sau da yawa ba a ko kallonsa, sai kwastoma ya dawo rai a ɓace faifai ya ƙi buɗewa, a ɗora wa faifan laifi.

Kafin ku danna komai, ku tambayi mai aiki: a ina za ka sa faifan nan?

Amsarsa ce za ta nuna tsarin da za ku zaɓa. Tsarin ISO 9660 ya fito tun 1988, da wuya a sami na'urar da ba ta karanta shi. Sai dai a matakinsa na farko haruffa takwas kacal yake ɗauka a suna, da uku bayan ɗigo, kuma bai san baƙaƙenmu masu lanƙwasa ba. Fayil mai suna "Ɗaurin auren ƙanwata" zai fito a guntule, ɗ da ƙ sun ɓace, mai shi ya rasa gane kayansa. Joliet, wanda Microsoft ya kawo a 1995, yana riƙe haruffa har 64 da baƙaƙen Hausa. Don haka ga takardu da hotuna ku haɗa su biyun. In Linux za a sa shi, ku ƙara Rock Ridge.

Fayil guda da ya haura gigabait 4 kuwa UDF yake buƙata, amma a kula da lambarsa. Faifan da za a kalla a na'urar DVD ta falo yana son UDF 1.02 da foldar VIDEO_TS. UDF 2.50 na Blu-ray ne, kwamfuta mai Windows XP ba ta karanta shi da kanta.

Windows ma yakan tambaya ko a ɗauki faifan kamar filas, ko na sawa a na'urar CD da DVD. In faifan barin shagonku zai yi, na biyun za ku zaɓa, ku kuma rufe shi bayan ɗuri.

Don Allah kada ku miƙa faifai sai kun gwada shi a wata na'urar daban, a gaban mai shi.

Wassalam.