Bindigar farauta mai ɗura kanta: saurin harbi shi ne abu na ƙarshe da za a duba



Duk mai kallon bidiyon farauta a YouTube ko TikTok ya saba ganin wannan: Bature a dajin Faransa ko na Amurka, aladun daji sun ɓullo a guje, shi kuwa sai latsa kunama yake yi, tau, tau, tau, ko sauke bindiga daga kafaɗa bai yi ba. A ƙasan bidiyon sai gardama ta kaure. Wannan ya ce Browning ce gaba, wancan ya ce Benelli, wani kuma ya ce duk wadda ta fi cin harsashi ita ce bindiga.

Ni dai a ganina an ɗauko zancen ta wutsiya. Mafarauci mai hankali a can ƙasashen, abu uku yake fara tambaya: me doka ta ce, wace dabba zan nema, kuma zan iya kula da wannan na'ura? Sauri da yawan harsashi sai daga baya. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, amma mu fara sanin yadda abin yake aiki.

YADDA TAKE AIKI

Irin wannan bindiga ita ake kira semi-otomatik. Latsa ɗaya, harsashi ɗaya. Ko ka danne kunama ka riƙe, na biyu ba zai fita ba sai ka saki ka sake latsawa. Nan ta bambanta da irin ta sojoji mai ɓarin wuta. Abin da take yi da kanta shi ne ta tofar da kwanson da aka harba, ta ɗauko sabon harsashi ta ɗura. A bindiga mai sakata kuwa, hannunka ne zai ja sakatar baya ya mayar bayan kowane harbi.

To ina take samun ƙarfin yin wannan aiki? Daga harbin kansa. Hanya uku aka fi sani.

Ta farko, matsin harbin ya tunkuɗa kwanso baya, kwanson ya tura sakata, sifirin ya dawo da ita. Wannan ya dace da ƙaramin harsashi. Misali Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964, mai cin harsashi 10 na .22, ta zomo da kurege.

Ta biyu, a yi amfani da naushin da bindiga ke yi da baya. Haka John Browning ya tsara wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1906, aka sa mata suna Model 8 daga baya. Ka ga ashe abin ba sabo ba ne, ya haura shekara ɗari.

Ta uku, wadda manyan bindigogin farauta na yanzu suka fi amfani da ita, ita ce ta hayaƙi. Akwai 'yar ƙofa ƙarama a jikin bututu. Harsashi na wucewa, sai wani ɓangare na hayaƙin albarushi ya bi ta nan ya tura fistin, fistin ya tura sakata. Browning BAR ta farauta, wadda ta fito a 1967, haka take aiki. Benelli R1 ta Italiya ma haka.

Ka riƙe zancen 'yar ƙofar nan, za mu dawo kanta.

TAMBAYA TA FARKO: DOKA

Bidiyo ba ya nuna maka takardun da ke aljihun mai harbin. Kuma ko a ƙasashen Turawa, ba ko'ina aka yarda da wannan bindiga ba.

A Birtaniya, bayan kisan da wani ya yi a garin Hangafod a 1987, an yi doka a 1988 da ta hana farar hula mallakar manyan bindigogi masu ɗura kansu, aka bar ƙananan .22 kawai. Ostireliya ta tsaurara tata dokar a 1996 bayan an kashe mutum 35 a Fot Ata. Niyu Zilan ta haramta yawancinsu a 2019 bayan harin masallatai biyu na Kiraiscoc, inda aka kashe masallata 51, Allah Ya jiƙansu.

A Jamus an yarda a yi farauta da ita, amma kada harsashin da ke ciki ya wuce uku. Faransa ma uku ne. To ka gani, mai gardamar yawan harsashi, a waɗannan ƙasashe gardamarsa ta mutu tun kafin a shiga daji. A Amurka kuwa kowace jiha da tata. Jihar Fensilbeniya sai a 2017 ta yarda a harbi ƙananan dabbobi da ita, kuma a lokacin ba ta yarda a harbi barewa da ita ba.

Mu a Najeriya fa? Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su gida uku. Akwai haramtattu, irin su bindigar soja da fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Akwai kuma irin bindigar toka ta maharbanmu, wadda ita ma tana da nata ƙa'idar a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Saboda haka duk wanda ya shigo maka inbos yana tallar bindiga, abu biyu ne: ko ɗan damfara ne zai cinye maka kuɗi, ko kuma hanyar gidan yari yake nuna maka. Ka bulo shi kawai.

TAMBAYA TA BIYU: WACE DABBA?

Harsashi ake fara zaɓa, sannan bindigar da ke cin sa. Harsashin .22 ya ishi zomo. Ka harbi barewa da shi, sai dai ka ji mata ciwo ta gudu ta je ta mutu a wahale cikin daji, kai ba ka ci nama ba, ita ba ta tsira ba. Shi ya sa dokar Jamus ta ƙayyade faɗin harsashi da ƙarfinsa: manyan dabbobi irin aladen daji, kada faɗin ya gaza milimita 6.5. Masu neman manyan barewa da alade sun fi amfani da irin su .270 da .308 da .30-06.

Bayan dabba, sai salon farautar. A Turai akwai farautar kora, inda mutane da karnuka ke koro aladu zuwa wajen maharban da ke tsaye. Dabba na gudu, tazarar ba nisa, lokaci 'yan daƙiƙu ne. A nan mai ɗura kanta tana da amfani na gaske. Idan harbin farko ya raunata dabba, na biyu zai biyo nan take ba tare da ka ɗauke ido daga kanta ba. Ƙari a kan haka, mai aiki da hayaƙi tana rage zafin dukan kafaɗa, domin motsin ƙarafan ciki yana shanye wani abu daga naushin.

Amma wanda zai zauna ya yi kwanto, ya jira barewa ta fito a tazarar mita 200, harbi ɗaya yake buƙata mai kyau. A wannan aiki mai sakata ta ishe shi, yawanci ta fi araha, ta fi sauƙin nauyi, kuma an fi yabon saitinta. Sayen mai ɗura kanta don wannan, kamar sayen waya mai kyamara huɗu ne alhali kira da WhatsApp kawai kake yi.

TAMBAYA TA UKU: KULAWA

Nan ne zancen ya fi ƙarfi a wajena. Duk na'urar da sassanta masu motsi suka yi yawa, wuraren lalacewarta ma sun yi yawa.

Ka tuna 'yar ƙofar hayaƙi? Hayaƙin albarushi yana barin baƙin dauɗa. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ƙofar ta ƙuntata, fistin ya yi nauyi. Daga nan sai bindiga ta fara cijewa: kwanso ya ƙi fita, ko sabon harsashi ya maƙale a hanya. Haka idan tsatsa ta kama ɗakin da harsashi ke zama, kwanso sai ya manne. Kuma harsashin da ƙarfinsa bai dace da tsarin bindigar ba, ba zai tura sakata yadda ya kamata ba.

Akwai darasi a tarihin Remington 742, wadda aka yi daga 1960 zuwa 1980. An saye ta sosai a Amurka, amma ta yi suna wajen cijewa idan ba a tsabtace ta, kuma hanyar da sakata ke bi a cikinta tana cinyewa da yawan harbi. Da aka daina yin ta, kayan gyaranta suka yi wuya. Duk wanda ya taɓa yawon neman sikirin na wayar da aka daina yi ya san wannan ciwo. Don haka mai saye ya tambaya: har yanzu ana yin ta? Akwai kayan gyara? Akwai mai gyara kusa? Zan iya kwance ta in wanke in mayar? Idan amsar a'a ce, kyawunta a bidiyo ba zai amfane shi da komai ba.

ABIN DA ZA A CE MINI

Na san wani zai ce: ai na zamani sun inganta, ba sa cijewa kamar na da. Gaskiya ne, sun inganta. Amma akwai abu ɗaya da ingancin bai canza ba. Da zarar ka harba, wani harsashin ya riga ya hau, bindiga a ɗane take. Mai sakata, bayan harbi, kwanso ne fanko a ciki har sai ka ja da hannunka. Mai ɗura kanta ba ta ba ka wannan sarari. Mutum na cikin murna ya kayar da dabba, ya juyo wajen abokansa, ya manta bai sa makulli ba, yatsa na kan kunama. Tsautsayi ba ya wuce haka.

Sannan sauƙin harbi na biyu yana sa wasu sakaci da na farko. Alhali ko ɗan ƙaramin .22 yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, manyan kuwa sun ninka haka. Duk harsashin da ya kuskure dabba, wani wuri zai sauka, kuma ba ya tambayar ko gona ce ko ruga.

Saboda haka matsayata ita ce: mai ɗura kanta kayan aiki ne na wanda ya riga ya ƙware, yake da lasisi, yake farautar da ke buƙatar harbi biyu a jere, kuma ba ya ƙyashin zama ya wanke ta duk ranar da ya dawo daga daji. Sabon shiga ya fara da mai sakata, ya koyi yadda harsashi ɗaya ke isa. Maharban gargajiya da bindigar toka harbi ɗaya suke da shi kafin su sake ɗuri, shi ya sa suke haƙurin laɓe da sanin iska da sawun dabba. Wannan ilimi ba a sayar da shi tare da kowace bindiga.

Wanda yake ganin ba haka ba ne, ya kawo hujjarsa a ƙasa mu tattauna cikin mutunci. Allah Ya tsare mu da tsautsayi.