Idan Giyar Mota Ta Fara Fizga

Da yawa daga motocin da ake saukewa a tashar Tema masu giyar otomatik ne, kuma cunkoson Kejetia da Aboabo yana dafa man giyarsu. Da zarar mota ta fara fizga ko jinkiri wajen sauya giya, sai maigida ya ruga Suame Magazine, wani lokaci a ce sai an sauke akwatin giya, kuɗin makarantar yara ya tafi.

Kafin haka, mu duba mai tukuna. Mu zagaya har inji ya yi zafi, mu tsaya inda babu gangara, giya tana P, inji yana aiki (Honda kam sai an kashe ta), sannan mu zaro sandar awo. Lafiyayyen mai ja ne garau. Idan ya ragu, mu ƙara irin wanda littafin motar ya ambata kaɗai. Corolla mai shan T-IV ba a ɗura mata Dexron don neman araha. Amma idan ya yi baƙi yana ƙauri, ko muka ga ɓarɓashin ƙarfe, aikin ya fi ƙarfin gida, sai bakanike mai na'urar bincike.