Karayar kafaɗar tsofaffi: hoto kafin ɗori, tunani kafin ƙarfe

Ƙashin dantse yakan karye a samansa, dab da inda kansa ke shiga gurbin kafaɗa, kuma tsofaffi ne wannan karaya ta fi samu. Cikin karayar da raunin ƙashi ke jawowa, ita ce ta uku a yawa, bayan ta ƙugu da ta wuyan hannu. Ta fi yawa ga mata, saboda ƙashin mace na saurin zaizayewa bayan ta daina al'ada. Ba sai an yi haɗarin mota ba. Santsi a makewayi ko tuntuɓe da kunyar gona ya isa. Kwana biyu ko uku sai jini ya kwanta, ya gangaro dantse har ƙirji, abin da kan firgita iyali fiye da kima.

A garin Turawa, kamar sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo, mai ɗori ake fara nema, domin yana kusa kuma an san shi. Sai dai wannan karaya ba irin ta sangali ba ce. Guntun da ke sama gajere ne, yana can cikin naman kafaɗa, kara ba ya kama shi. Ɗauri mai tsanani na iya tare jini, ja da murɗa kuwa sukan gusar da ƙashin da ke zaune daidai. Hoton ƙashi ne kawai ke nuna abin da ya faru a ciki, don haka shi ya kamata a fara yi.

A 1970 wani likitan Amurka, Charles Neer, ya kasa saman ƙashin gida huɗu, ya ce guntu ya goce ne idan ya matsa fiye da santimita 1 ko ya karkata fiye da digiri 45. Yawancin karayar tsofaffi ba ta kai nan ba. Maganinta rataye hannu a wuya na mako 2 zuwa 3 da maganin ciwo, ƙashin kuma yakan haɗe cikin mako 6 zuwa 12.

Idan gutsattsarin sun goce ne ake maganar tiyata, irin wadda ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala da aka kafa a 1959. Likita yakan mayar da su wurinsu, ya ɗora farantin ƙarfe ya ɗaure da sukurori, ko ya zura sandar ƙarfe ta cikin ɓargo. Matsalar ita ce ƙashin tsoho ba ya riƙe sukuru, tamkar ƙusa ce a katangar ƙasa da ta sha damina. Kan ƙashin na iya loɓawa har bakin sukuru ya ɓullo cikin gaɓa, ko ya mutu idan hanyar jininsa ta yanke, sai a sake wani aikin. Ga kuma haɗarin allurar barci ga mai hawan jini ko ciwon suga.

Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2015, ya raba mutum 250 masu gocacciyar karaya gida biyu, an yi wa wasu tiyata, wasu an rataye musu hannu. Bayan shekara 2 ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, haka ma bayan shekara 5. Kafin a kai bijimi kasuwa don kuɗin ƙarfe, haƙƙin iyali ne su tambayi likita abin da aikin zai ƙara wa tsohuwarsu. Sai dai akwai inda ba makawa sai an yi tiyata: idan kan ƙashin ya fita daga gurbinsa, ko ya tsage, ko ƙashi ya huda fata, ko jijiyar jini ta yanke. Wanda nasa ya dagargaje akan sauya masa gaɓar da ta ƙarfe, aiki mai tsada ƙwarai.

Abin da aka fi sakaci da shi gashi ne. Ko an sa ƙarfe ko ba a sa ba, kafaɗar da ta daɗe a ɗaure takan sandare, har ɗaura ɗankwali ko ɗaga hannu wajen kabbara ya gagara. Tun makon farko ake motsa yatsu da gwiwar hannu. Idan likita ya ba da izini, sai majinyaci ya riƙa sunkuyawa yana lilo da hannun a hankali, daga baya ya riƙa hawa bango da yatsu. Kafaɗar kan ci gaba da sakewa har kusan shekara guda.