Daga Ina Girgizar Ta Taso?

A watan Satumba 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, jihar Kaduna, har bangon wasu gidaje ya tsage. To, yaya masana ke gane inda abin ya taso?

Girgiza takan aiko da motsi iri 2. Na farin ya fi gudu, shi yakan fara isa ga na'urar awo, irin wadda ke Toro ta Bauci. Tazarar daƙiƙa 1 tsakaninsu, nisan wajen kilomita 8 ke nan. Sai a zana da'ira mai wannan nisa kewaye da kowace cikin tashoshi 3. Inda da'irorin suka haɗu, nan ne tushen.

Iyaye, ku koya wa yara: in ƙasa ta motsa, su shige ƙarƙashin tebur, kada su raɓi katanga.