Tururuwar Bakin Rumbunmu Ma Tana Neman Shiga Littafi

Kakata ta sha ba mu labarin shekarar yunwa, yadda mata ke fita da fartanya da ƙwarya su tone gidan tururuwa, su kwashe tsabar da ta tara, su sheƙe, su dama kunu. Wannan tururuwa mai jan gero cikin layi, masana na kiranta Messor galla, kuma an tsince ta a faɗin Sahel, daga Sanigal har Habasha.

Ta yaya masana ke sanin inda ƙwaro yake? Wani ne zai durƙusa ya kama shi, ya jefa a kwalba, ya rubuta sunan gari da kwanan wata. Kowane ɗigo a taswirarsu sawun mutum ne. Inda ba ɗigo, ba tururuwar ce ta ƙaura ba, mai kwalba ne bai je ba.

A Najeriya, yawancin abin da aka rubuta kan tururuwa ya fito ne daga gonakin koko na kudu, musamman cibiyar binciken koko da ke kusa da Ibadan, inda Turawa irin su Brian Taylor suka yi aiki a shekarun 1970. Mu da muka raba wa kowacce sunanta, cinnaka, kiyashi, kwarkwasa, gwano, shazumamu, mun bar saninmu a bakin tsofaffi.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci, wa ke ta tururuwa? To, a Jamhuriyar Benin an gano cewa jar tururuwar nan mai ɗinke ganyen mangwaro tana korar ƙudan da ke ruɓar da ’ya’yan. A dajin Comoé na Kwaddibuwa kuwa an ga wata mai farautar gara tana ɗauko ’yan’uwanta da suka ji rauni, tana yi musu jinya. Duk daga durƙuson wani aka samo wannan.

Aikin ba ya cin kuɗi. Jami’ar Ahmadu Bello na da ɗakin adana ƙwari a Samaru. Malaman kimiyya a makarantun sakandare su tura ɗalibai gona da bakin rafi, a tattaro, a rubuta gari da rana da sunan Hausa, a aika can. Halittar da aka sa wa sura guda sunanta a cikin Alƙur’ani ta wuce a riƙa taka ta ba a san ko wace ce ba.